Kurmi biyu: Akara da Abijan a tarihin ƴan ci-ranin Nijar

A bakin mutanen Nijar, Hausawa da Zabarmawa, kalmar «kurmi» ta daɗe da wuce ma'anarta ta daji mai duhuwa. Tun farkon ƙarni na 20 ta zama sunan ƙasashen kudu baki ɗaya, inda ruwan sama ya wadata, kuɗi ke yawo, ƙasa kuma ta ƙare a bakin teku. Zabarmawa har suna kiran wanda ya je can ya dawo «kurmize», wato ɗan kurmi. Idan aka ajiye Nijeriya gefe guda, wadda mutumin Maraɗi ko na Damagaram bai taɓa ƙirga ta cikin baƙin wurare ba, saurayin da ya tashi biɗa daga Ayoru, Filinge, Dogonduci ko Tawa, bayan an zuba gero a rumbu, gaɓobin teku biyu ne suka fi jan hankalinsa: ta Gana, wadda a da ake kira Gwalkwas, da babban birninta Akara, wanda tsofaffi ke ce wa Ankara, sai ta Kodebuwa da birnin Abijan. Wanne ya fi daɗin zama? Amsar wannan tambaya ta sauya fiye da sau ɗaya cikin shekara ɗari, kuma dalilan sauyawar sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasa da sama

Wajen zafi, biranen biyu kusan ɗaya suke. Ma'aunin zafinsu yakan tsaya kusa da 27 a tsawon shekara, babu hunturu mai fasa leɓe, babu kuma irin bazarar Yamai da ke haura 40 a watan Afrilu. A ruwan sama ne suka rabu. Akara tana cikin wani fili mai ƙarancin itatuwa da ya ratso kurmi har bakin teku, ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, bai yi wa na Yamai, mai kimanin 550, nisa ƙwarai ba. Shanu suna iya kiwo a bayan gari, idon ɗan arewa kuma yana hango nesa kamar yadda ya saba. Abijan kuwa tana zaune a bakin tafkin Ebriye cikin laima, tana samun fiye da ninki biyu na ruwan Akara. Turawan Faransa da kansu sun sha wuya a wannan gaɓa: annobar zazzaɓin shawara ta 1899 ce ta kore su daga Grand-Bassam zuwa Bingerville a 1900, kafin su mayar da fadar mulki Abijan a 1934. Akara kuwa tun 1877 take babban birnin Gwalkwas. Ta girme wa Abijan nesa ba kusa ba, kuma wannan girma yana da nasa tasiri a kan baƙon da ya sauka cikinta.

Hanyar goro

Ɗan Nijar da ya nufi Gwalkwas a shekarun 1920 bai fasa sabuwar hanya ba. A cikin ƙarni na 19 ayarin fatake ƙarƙashin madugai yana tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa Bargu, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja, ya sauke kanwa da tufafi da fatu, ya ɗauko goron Asante. A kowane masauki ayari yakan bar wasu a baya: malami, mahauci, dillali, fatoma. Haka zango, wanda asalinsa wurin kwanan matafiya ne, ya koma unguwa mai sarki da limami da makarantar allo. Zabarmawa su ma suna da nasu sawu: mayaƙan Alfa Hano da Gazari da Babatu sun kafa iko a ƙasar Gurunsi a rabin ƙarshe na ƙarnin, kuma a Yendi Babatu ya rasu bayan Turawa sun karya ƙarfinsa.

Abubuwa biyu suka tura wannan jama'a daga tsakiyar ƙasa zuwa bakin teku. Na farko, Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan cinikin goro ya yi rauni. A wannan yaƙi akwai rundunar da John Glover ya tara, wadda aka sani da sojan Hausa, kuma daga nan Hausa ta zama harshen bariki a Gwalkwas. Na biyu, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake da malamai zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Akara. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙi da Larabci da Hausa, yana cikin waɗanda suka bar Salaga, ya zauna Kete-Karachi har rasuwarsa a 1934. Alhasan Ɗantata, kafin ya zama attajirin gyaɗa a Kano, goro ya yi ta ɗauka ta jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko.

A cikin Akara, Malam Idrisu Naino ya kafa zangon farko, ɗansa Malam Baƙo ya sami fili daga sarakunan Ga ya buɗe Sabon Zango wajen 1912, Malam Amadu Futa kuma ya sauka da shanunsa a wurin da ya zama unguwar Nima a farkon shekarun 1930. Ma'anar wannan ga sabon zuwa mai sauƙi ce. Yana sauka daga mota zai tambayi gidan mutanen garinsu da Hausa, a nuna masa. Mai masauki zai ba shi tabarma, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa wajen neman aiki ko bashin kayan talla, idan ajali ya zo a yi masa sutura irin ta Musulunci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da gwamnati ta shirya.

Zamanin Gwalkwas

A gida kuwa abubuwan da ke korar mutum sun yi yawa. Akwai harajin kai da ake biya da kuɗin Faransa, akwai aikin tilas na hanyoyi da gine-gine, musamman bayan da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, akwai dokar «indigénat» da ta ba kwamanda ikon ɗaure talaka ba tare da shari'a ba, ga kuma yunwar 1931 da fara ta haddasa a yammacin ƙasar. A daidai wannan lokaci Gwalkwas, wadda ta zama ta farko a duniya wajen noman kakawo tun 1911, tana neman hannaye a gonaki, a ramukan zinariya na Obuwasi da Tarkwa, da tashar jiragen ruwa ta Takoradi da aka buɗe a 1928, kuma tana biyan lada da sulallan Ingila. Kodebuwa a wannan zamani ba ta shiga lissafi, domin Bafaranshen da aka gudo wa shi ne ke mulki a can, da harajinsa da aikin tilas ɗinsa. Ko Mosawa, waɗanda Faransa ta yi ta kwasa zuwa gonakin Kodebuwa, da yawansu Gwalkwas suke sulalewa.

Jean Rouch ya yi binciken wannan ƙaura tsakanin 1953 da 1955, ya kuma ɗauki fina-finai biyu da suka adana kamanninta. «Les Maîtres fous» ya nuna ƴan borin Hauka, wanda ya ɓullo a yankin Filinge wajen 1925, ya bi leburori zuwa Akara bayan da Turawan Faransa suka matsa masa. «Jaguar» kuma ya bi Damure Zika da Lam Ibrahim da Illo Gaudel daga Ayoru zuwa Akara da Kumasi, suka yi dako da aikin katako da tireda, suka koma gida kafin damina da kayan alfahari. A cikin wannan fim kurmi wurin zuwa ne a dawo. Amma ƙidayar jama'ar Gana ta 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, kuma da yawa cikinsu sun riga sun yi aure, sun gina gida, sun haifi ƴaƴan da ba su taɓa ganin Sahel ba.

Wa'adin mako biyu

Samun mulkin kai ya kawo tambayar da zango bai taɓa yi wa kowa ba: ɗan wace ƙasa ne kai? Alamar farko ta bayyana a 1957, shekarar ƴancin Gana, sa'ad da gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan zangon Kumasi masu goyon bayan ƴan adawa, zuwa Nijeriya, da hujjar cewa ba ƴan ƙasa ba ne. Siyasar Nijar ita ma ta biyo ƴan ci-rani: Jibo Bakari ya sami mafaka a Akara, ƴan Sawaba suka kutsa cikin Nijar da makamai a 1964, aka kuma jefa wa Shugaba Jori Hamani gurneti a filin idi cikin Afrilun 1965. Zumunci tsakanin Yamai da Akara ya yi tsami, har zuwa juyin mulkin da ya kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966. Ana cikin haka farashin kakawo ya faɗi, aka karya darajar sidi a 1967, kuɗin da mutum ya tara a can ya daina yin auki idan ya kawo shi gida.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu ko ya fita. Kusan babu mai ita, domin babu wanda ya taɓa tambayar ta. Ana ƙiyasta mutum 200,000 ne suka bar ƙasar cikin wata shida, wasu na ganin adadin ya fi haka. Mafi yawansu ƴan Nijeriya ne, sai na Togo da Haute-Volta da Nijar. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, an cika manyan motoci, an kwana a kan iyakoki. A 1970 wata doka ta keɓe ƙananan kasuwanci ga ƴan ƙasa kaɗai, ƙidayar wannan shekara kuma ta nuna baƙi sun koma ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Mai masauki ya iya ciyar da baƙonsa shekara arba'in, amma ranar da ɗan sanda ya zo neman takarda bai iya yi masa komai ba, sau da yawa ma tare aka ɗora su a mota.

Abijan ta buɗe ƙofa

Tauraron Abijan ya fara haskawa tun kafin wannan. Dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny, ta soke aikin tilas a ƙasashen rainon Faransa. A 1950 aka gama haƙa mashigin Vridi da ya haɗa tafki da teku, a 1951 aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi. Layin dogon da aka raɗa wa suna Abijan-Nijar ya isa Wagadugu a 1954, a nan ya tsaya, bai taɓa shiga ƙasar da yake ɗauke da sunanta ba, amma ya rage wa matafiyi rabin wahala. Umaru Ganda, haifaffen Yamai da ya dawo daga yaƙin Indoshin, yana dako a wannan tasha Rouch ya same shi, ya zama jigon fim ɗin «Moi, un noir» na 1958, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville. Wanda ya kalli wannan fim bayan «Jaguar» zai ga bambanci: a nan babu zango, akwai ɗakin haya da aikin yini da neman mantuwa ranar Asabar. Ganda ya koma gida ya zama mai shirya fim, ya ci babbar kyautar bikin FESPACO ta farko a 1972.

Abin da Abijan ta ba ɗan Nijar ya bambanta da na Akara. Kuɗin sefa ɗaya ne daga Treichville har Tawa, babu canji, babu asara. Takardun hukuma da Faransanci suke a ƙasashen biyu. Tun 1959 Nijar da Kodebuwa suna cikin ƙawancen Conseil de l'Entente, Jori da Houphouët kuma ƴan jam'iyyar RDA ne. Houphouët ya yi shelar cewa ƙasa ta wanda ya noma ta ce, ya bar baƙi ƴan Afirka suna jefa ƙuri'a, har ya nemi a ba mutanen ƙawancen damar zama ƴan ƙasa biyu, shawarar da ƴan bokon ƙasarsa suka ƙi, ya janye ta a 1966. Da fari ya afka wa Sahel a 1973 da 1984, mutanen Adar da Arewa da Zabarma suka kwarara kudu, kuma wajen 1978 Kodebuwa ta karɓe wa Gana kambin kakawo. Ƙidayar 1988 ta nuna baƙi sun kai kashi 28 cikin ɗari. Ƴan Nijar sun kama gadi da dako da gashin nama da tallan yadi da cinikin albasa da na dabbobi, a Adjamé da Abobo da Port-Bouët.

Sai dai a Abijan Hausa ba ta zama harshen kasuwa ba. Wannan matsayi Julanci ne ya riƙe shi, tare da Faransancin titi. Bahaushe ya zama baƙo cikin baƙi, ƙarami a bayan mutanen Burkina da na Mali, kuma yawancin masu zuwa maza ne da suka bar iyali a ƙauye suna aiko da kuɗi. Marhabin da aka yi masa daga sama ta fito, a kan maganar shugaba ɗaya ta dogara, ba a rubuta ta cikin dokar da za ta rayu bayansa ba. Tarzomar da aka yi wa ƴan Dahome da Togo a Abijan cikin Oktoban 1958 ta riga ta nuna abin da ke kwance a ƙasa.

Katin zama

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Da farashin kakawo da kafe ya faɗi a shekarun 1980, aka fara duban baƙo da wani ido. An kafa dokar katin zama a 1990, aka fara aiki da ita a 1991 lokacin da Alassane Ouattara yake firaminista, katin kuma ya zama abin tare mutane a kan hanya. Houphouët ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, a wannan shekara dokar zaɓe ta cire baƙi daga masu jefa ƙuri'a, aƙidar «ivoirité» ta zamanin Henri Konan Bédié kuma ta fara tantance ɗan asali da wanda ba shi ba. Dokar filaye ta 23 ga Disamba 1998 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar gona. Ƙidayar wannan shekara ta ƙirga baƙi kashi 26 cikin ɗari, ƴan Nijar kimanin 100,000 a cikinsu. Bayan tawayen 19 ga Satumba 2002 aka rusa, aka ƙona unguwannin talakawa a Abijan inda baƙi suka fi yawa, suna irin na arewa ko babbar riga suka isa jawo wa mutum tuhuma. An soke katin zama ga ƴan CEDEAO a 2007, amma rikicin bayan zaɓen 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka kimanin 3,000, ya sake taɓa baƙi.

A waɗannan shekaru Gana ta juya. Tun daga tsarin mulkin 1992 take sauya shugabanni ta hanyar zaɓe, kuma zangon da aka zaci umarnin 1969 ya kashe ya sake cika. Jikokin waɗanda suka tsira daga kora ƴan ƙasa ne masu ƙuri'a, jam'iyyu na neman su. A 1993 aka naɗa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zangon Akara, babban limamin ƙasa. A 2017 majalisa ta kafa asusun raya zanguna. A 2021 aka buɗe babban masallacin ƙasa a unguwar Kanda. Wannan bai mayar da Nima ko Sabon Zango unguwannin masu hali ba, cunkoso da ƙarancin magudanan ruwa suna nan, amma babu mai tambayar ko zango na Gana ne.

Abin da tukunya ta adana

Sawun ƙaurar biyu ya fito ƙarara a abinci. A Akara ana karya kumallo da kokon Hausa da «koose», wato ƙosai, ana cin «waakye», wanda sunansa daga wake ya fito, da «tuo zaafi», tuwo mai zafi. Matan da ke dako a kasuwa ana kiran su «kayayoo», daga kalmar kaya da kalmar Ga mai nufin mace. Harshen ya shiga cikin gida ya zauna. A Abijan kalma ɗaya ce ta yi fice: «garba», acaken rogo da soyayyen kifin teku, abincin ɗalibi da lebura, wanda da yawa ke danganta sunansa da ƴan Nijar masu sayar da shi. A can an ɗauki kalmomin baƙo, a nan sunansa kawai aka ɗauka aka liƙa wa abin da yake sayarwa. Albasar Galmi kuwa tana sauka a biranen biyu ba tare da ta zaɓi ɗaya ba.

Idan aka auna gaɓobin biyu a matsayin wurin zama, za a ga kowace ta ba da rabi. Akara ta ba da unguwa da harshe da makwanci, ta hana takarda, ranar da aka nemi takardar kuwa komai ya zube. Abijan ta ba da aiki da kuɗi mai daraja da yardar shugaba, ba ta ba da saiwa ba, da shugaban ya kau yardar ta bi shi. Abin da ya fi daɗewa cikin duka shi ne wanda jama'a suka gina da hannunsu a hankali, wato zango, amma shi ma sai da doka ta amince da ƴaƴansa kafin ya sami kwanciyar hankali. Kuma kora ba halin mutanen bakin teku kaɗai ba ne: Nijar ta kori ƴan Dahome a ƙarshen 1963 a kan rikicin tsibirin Lete, Nijeriya ta kori ƴan Gana da sauran baƙi a 1983.

Yarjejeniyar walwalar jama'a da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ita ce ƙoƙari mafi girma na rubuta haƙƙin baƙo a takarda. Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar kuma ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice da zama har zuwa wani sabon umarni. Mai sayar da garba a Abobo da dillalin albasa a Akara sun san nauyin waɗannan kalmomi na ƙarshe fiye da kowa. Shi ya sa har yau, a Tawa da Dosso da Yamai, abin da ɗan kurmi ke fara yi da kuɗinsa shi ne sayen fili da aza tubali a garinsu, domin tun kakanni aka ce gida biyu maganin gobara.